Gidan Jan Bulo na Parramatta da Shaidar da Ke Bakinsa

A yammacin birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, kimanin kilomita 23 daga tsakiyar birnin, a wata unguwa da ake kira Rosehill a gefen garin Parramatta, akwai wani gida na jan bulo, marar bene, mai faffaɗar baranda da rufin kwano, wanda in baƙo ya bi ta ƙofarsa ba tare da an gaya masa ko na wane ne ba, da wuya ya waiwaya ya sake dubansa, domin gine-ginen zamani da suka kewaye shi sun fi shi tsawo, sun kuma fi shi ɗaukar ido. Amma duk da haka, a cikin dukan gidajen kwana da Turawa suka gina a wannan nahiya tun ranar da suka sa ƙafa a cikinta, babu wanda ya rage a tsaye da ya girme shi. Sunansa Elizabeth Farm, an aza harsashinsa a shekarar 1793, kuma yau hukumar jihar New South Wales ce ke riƙe da shi, tana kashe masa dukiyar jama'a don kada ya zube. Ni ina ganin ya cancanci wannan ɗawainiya, har ma da fiye da ita, sai dai hujjar da ta sa ya cancanta a wurina ta sha bamban da wadda aka daɗe ana karantar da yaran wannan ƙasa.

Asalin lamarin kuwa shi ne, lokacin da jiragen Ingila na farko suka sauka a gaɓar Sidni cikin watan Janairu na 1788, ƙarƙashin Gwamna Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni fiye da 700 da sojojin da ke tsaronsu, sai suka tarar ƙasar bakin teku rairayi ce da duwatsu, abin da suka shuka ya ƙi, guzurinsu ya yi ta raguwa, har yunwa ta fara yi musu barazana. Wannan ne ya sa cikin watan Nuwamba na shekarar Gwamna ya hau kogi ya kafa sansani a inda ruwan gishiri ke gamuwa da ruwan daɗi, inda ƙasa ke da albarka, wurin da daga baya ya zama Parramatta. John Macarthur, wani matashin hafsan soja, da matarsa Elizabeth da jaririnsu Edward, sun iso ne cikin watan Yuni na 1790 a ayarin jirage na biyu, ayarin da fiye da rubu'in fursunonin da ke cikinsa suka mutu a teku saboda yunwa da cuta da mugun riƙo. Bayan shekara uku, Manjo Francis Grose, wanda ke riƙon mulki bayan tafiyar Phillip, ya yanka wa Macarthur eka 100 a gefen kogin, ya kuma naɗa shi mai duba ayyukan hukuma, muƙamin da ya sa rabon fursunoni masu aikin ƙarfi ya koma hannunsa. Da wannan ƙasa da waɗannan hannuwa aka gina gidan, tsawonsa ƙafa 68, faɗinsa ƙafa 18, da ɗakuna huɗu da zaure da ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, sa'an nan ɗakin girki da na barori a gefe.

Malam Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya lissafa sabubban da ke shigar da ƙarya cikin labaran tarihi, daga cikinsu akwai ta'assubanci ga wani ra'ayi, da amincewa da mai ruwaya ba tare da an bincika halinsa ba, da neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo. Kuma duk wanda ya karanta abin da aka rubuta game da farkon wannan mallaka zai ga waɗannan illoli sun taru a cikinta, domin kusan dukan abin da ya iso gare mu ya fito ne daga alƙalamin gwamnoni da hafsoshi da limaman coci, kowannensu yana da abokin gaba da yake son ya ɓata, yana kuma da wani babba a Landan da yake son ya faranta wa rai. Shi Macarthur kansa ya yi husuma da Gwamna Hunter, ya yi da Gwamna King, ya yi da Gwamna Bligh, saboda haka abin da ya rubuta a kansu da abin da suka rubuta a kansa duka magana ce ta masu ƙara. To, a gaban alƙali in masu ƙara sun gama, sai a nemi shaida wanda ba shi da rabo a cikin abin da ake jayayya a kai, kuma a wannan shari'a ginin shi ne wannan shaida, domin bulo ba shi da ubangidan da zai yi wa fadanci, itacen rufi kuma ba ya tsoron a tuɓe shi daga muƙami. Wannan ita ce darajar gidan ta farko a wurina, kuma sauran duka daga gare ta suka tsiro.

In aka hau saman silin, a ƙarƙashin kwanon da aka ɗora daga baya, har yau akwai wani sashe na rufin asali, da itatuwan da aka sassaƙa da hannu da falle-fallen katakon da aka jera maimakon ciyawa, waɗanda kwanon ya tsare su daga ruwa da rana fiye da ƙarni guda. Masana gini suna iya karanta irin gatarin da aka yi aiki da shi, da irin itacen da aka samu a dajin wannan zamani, da gwanintar mai sassaƙa ko ƙarancinta, abubuwan da babu wani gwamna da ya ga sun isa a rubuta su cikin rahoto. Haka kuma bulon, wanda aka buga da hannu aka gasa a lokacin da mallakar ke fama da ƙarancin farar ƙasar haɗa gini, har magina a Sidni suka koma ƙona ɓawon halittun ruwa don su samu abin da za su ɗaure bulo da shi, suna haƙo shi daga tsibin da 'yan asalin ƙasar suka tara a bakin ruwa cikin ɗaruruwan shekaru na cin abincinsu. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda siffar gidan ta sauya. Da farko an gina shi ne tamkar ƙaramin gidan ƙauyen Ingila, irin wanda ake yi don gudun sanyi da neman hasken rana; sai zafin sabuwar ƙasa ya yi ta koya wa mazaunansa darasi shekara bayan shekara, har aka ƙara masa baranda mai zurfi da ke hana rana taɓa bango, aka buɗe ƙofofi masu gilashi daga ɗakuna zuwa cikinta don iska ta ratsa, irin tsarin da hafsoshin Ingila suka saba gani a Indiya da sauran ƙasashen zafi, kuma wannan siffa ce daga baya ta zama abin koyi ga gidajen gona a faɗin Ostireliya. Mai son ya san yadda baƙo ke rusuna wa yanayin ƙasar da ya zo da niyyar mallaka, ko da bai taɓa furta haka da bakinsa ba, to ya je ya tsaya a wannan baranda da azahar.

Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne cewa wannan gida ne na uban kiwon tumakin ulu, wanda arzikin ƙasar ya doru a kansa shekaru masu yawa, kuma saboda haka ne aka buga hoton John Macarthur a takardar dala biyu daga 1966 har zuwa 1988. Akwai gaskiya a ciki, domin ya sayi wasu daga tumakin merino na farko da Kyaftin Henry Waterhouse ya kawo daga kudancin Afirka a 1797, ya kuma ƙara da wasu daga garken Sarki George na Uku a 1804, ya iya shawo kan manyan Landan a daidai lokacin da yaƙe-yaƙen Napoleon suka sa masaƙun Ingila cikin fargabar yankewar ulun Sifen, har aka ba shi izinin eka 5,000 a wurin da aka sa wa suna Camden. Sai dai mutumin da aka buga a takardar kuɗin shi ne kuma wanda ya yi arzikinsa na farko da cinikin barasa da riƙe kayan masarufi tare da 'yan'uwansa hafsoshi. Shi ne ya harbi shugabansa Kanar William Paterson a kafaɗa cikin faɗan bindiga na mutum biyu a 1801, aka tura shi Ingila don a yi masa shari'a. Shi ne kuma ya kitsa tawayen ranar 26 ga Janairu 1808 wanda sojoji suka tuɓe Gwamna Bligh, abin da ya jawo masa zaman nesa da gida daga 1809 har 1817. In aka haɗa tafiye-tafiyen nan biyu, za a ga ya yi kimanin shekara 12 ba ya ƙasar, a daidai shekarun da garken ke kafuwa.

Wa ke riƙe da gona a waɗannan shekaru? Elizabeth ce, 'yar wani manomi daga lardin Devon, wadda ta zauna a wannan gida tana renon 'ya'ya, tana kula da fursunonin da ke aiki, tana duba lissafi, tana zaɓen ragunan da za a bar wa garke da waɗanda za a fitar, tana tafiya Camden a kan hanyar da ba ta da aminci, tana kuma aika wa mijinta rahoto da samfurin ulu, a tafiyarsa ta biyu da taimakon ɗan ɗan'uwansa Hannibal. Da mijin ya dawo ya karɓi ragama, ya shiga rushe wannan sashe na gidan yana gina wancan ba hutawa a ƙarshen shekarun 1820, hankalinsa kuma ya yi ta raunana har aka yanke a hukumance a 1832 cewa ya taɓu, ya juya mata baya yana tuhumarta da abin da ba ta yi ba, ita ce dai ta ci gaba da zama a gidan bayan rasuwarsa a 1834 har zuwa ƙarshen rayuwarta a 1850. Wasiƙunta suna nan a ajiye a babban ɗakin karatu na jihar, kuma malaman tarihi na baya-bayan nan sun fara mayar mata da haƙƙinta, amma ina ganin wanda ya shiga ɗakunan nan ya ga ƙanƙantarsu, ya ga kusancin ɗakin kwana da ɗakin girki da inda barori ke kwana, zai fahimci nauyin da ta ɗauka fiye da wanda ya karanta shi a littafi kawai.

Su kuwa fursunonin da suka sare daji, suka kwaɓa ƙasa, suka gasa bulo, suka yi kiwon tumakin, da yawansu talakawan Ingila ne da Ayalan da aka kora zuwa ƙarshen duniya a kan satar abin da bai taka kara ya karya ba, ba a buga hoton ko ɗayansu a kuɗi ba, kuma wannan bango shi ne abin da ya rage na aikin hannunsu.

Amma magana mafi nauyi tana gaba, kuma duk wanda ya yi rubutu a kan wannan gida ya tsallake ta ya ci amanar mai karatu. Eka 100 ɗin nan da Manjo Grose ya bayar ba tasa ba ce, ba kuma ta Sarkin Ingila ba ce. Ƙasar mutanen Burramattagal ce, wani reshe na al'ummar Darug, waɗanda kakanninsu suka zauna a bakin wannan kogi dubban shekaru suna kamun kifi, suna farauta, suna ƙona ciyawa a kan ƙa'ida don sabuwa ta tsiro, har filin ya zama sarari mai itatuwa jefi-jefi, wanda Turawa suka gani suka yi zaton haka Allah ya halicce shi yana jiran garma. Ba a saya daga gare su ba, ba a yi yarjejeniya da su ba, ba a ma ɗauke su masu mallakar wani abu ba, kuma wannan zato na cewa ƙasar ba ta da mai ita bai faɗi a gaban shari'ar Ostireliya ba sai a watan Yuni na 1992, lokacin da babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a ƙarar da Eddie Mabo da 'yan'uwansa suka shigar. A 1789 annobar agana ta ratsa 'yan asalin ƙasar da ke kewayen Sidni ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa; waɗanda suka tsira kuma suka tarar gonaki sun tare musu hanyar kogi da wuraren abincinsu. Ba su sallama ba tare da faɗa ba: wani jarumi mai suna Pemulwuy ya yi shekaru yana kai farmaki a kan gonakin baƙi, har a 1797 ya shigo cikin garin Parramatta kansa da mayaƙansa aka yi arangama, aka harbe shi ya tsira, kafin a kashe shi a 1802 a aika da kansa Ingila. A 1816 kuma, a Appin, ba nisa da filayen kiwon Camden, sojojin da Gwamna Macquarie ya tura suka kashe aƙalla mutum 14, har da mata da yara. Kuma don a san cewa al'amuran mutane ba sa tafiya a kan layi guda, ɗan Pemulwuy, wanda ake kira Tedbury, ya shaƙu da John Macarthur, ya saba da gidansa, duk da cewa shi ma daga baya ya ɗauki makami a kan masu gonaki.

A nan ne wani mai hankali zai iya tashi ya ce: in haka ne, don me za a kashe dukiyar jama'a, har da harajin zuriyar waɗanda aka zalunta, wajen yi wa gidan wanda ya ci gajiyar zaluncin fenti da gyaran rufi? Ashe wannan ba girmama ƙwace ba ne? Ban raina wannan tambaya ba, kuma in da a ce ana riƙe da gidan ne don a mai da shi wurin ziyarar jinjina ga Macarthur, inda za a nuna kyan lambu da kujeru a rufe baki game da sauran, da na goyi bayan mai tambayar. Amma ina roƙonsa ya duba wanda rushewar gidan za ta amfana. Ranar da aka kawar da shi aka dasa benaye a wurinsa, babu ko taki ɗaya na ƙasar da zai koma hannun Darug. Abin da zai faru kawai shi ne a rasa wuri guda tabbatacce, mai iyaka da kwanan wata, inda za a iya tsayar da yaro a ce masa: a nan aka yi, a shekara kaza, wane ne ya bayar, wane ne ya karɓa, su wane ne aka hana. Zalunci ya fi samun sauƙin musantawa in an share wurin da aka aikata shi, kuma al'ummar da ta ɗauki shekara 204 kafin kotunta ta yarda cewa ƙasar tana da masu ita, tana bukatar duk wata hujja da za a iya taɓawa da hannu. Sharaɗin dai shi ne a bar shaidan ya faɗi dukan abin da ya sani, kada a tsayar da shi in ya zo kan abin da ba ya yi wa masu gida daɗi.

Akwai kuma wasu mutane da nake ganin an rage musu haƙƙi a wannan labari, alhali ba don su ba da babu abin da za mu yi muhawara a kansa yau. Bayan rasuwar Elizabeth gidan ya koma hannun ɗanta Edward, wanda ya rasu a 1872, aka yi ta ba da shi haya, har a 1881 aka sayar da gonar, wadda a lokacin ƙarfinta ta kai kusan eka 1,000, aka yayyanka ta filaye-filaye, gidan kuma ya lalace har ana ganin ba shi da sauran amfani. A 1904 wani malamin makaranta mai suna William Swann, mai iyali da yawa, ya saye shi, ya gyara abin da ya ruɓe, ya zauna a ciki da matarsa da 'ya'yansa, kuma 'ya'yansa mata suka ci gaba da zama a cikinsa har 1968. Ba masu dukiya ba ne, kuma ina ganin wannan ma rahama ce ga gidan, domin mai kuɗi da ya saye shi da ya rushe rabi ya sabunta rabi bisa yayin zamaninsa, su kuwa sai suka toshe inda ke yoyo, suka share, suka bar sauran yadda suka same shi, suna sane da darajar abin da ke hannunsu. Shekara 64 suka yi a ciki, wato sun fi John Macarthur daɗewa a gidan nesa ba kusa ba, sun ma fi Elizabeth kanta. Yaƙe-yaƙen duniya guda biyu suka wuce a kansu, Parramatta ta tashi daga garin manoma ta zama unguwar masana'antu, gidaje irin nasu suka yi ta faɗuwa a kewaye, su kuwa suna nan suna hura wuta a murhun da fursunoni suka gina. Gida na rayuwa ne muddin akwai mai kwana a ciki wanda zai ji ɗigon ruwa da dare ya tashi da safe ya nemi mai gyara, kuma wannan hidima ta yau da kullum, wadda ba a rubuta ta a tarihi, ita ce ta ƙetarar da ginin daga ƙarni na 19 zuwa zamanin da aka fara yin dokar kare irinsa.

Dokar ta zo a 1977, lokacin da majalisar jihar ta kafa dokar kare kayan gado, kuma Elizabeth Farm ne wuri na farko da aka ɗora wa umarnin kariya na dindindin a ƙarƙashinta. Hukuma ta karɓe shi a 1979, aka yi shekaru ana gyara, aka buɗe shi ga jama'a a 1984. Masu kula da shi sun yi wata dabara da na yaba ƙwarai: da yake kayan ɗakin Macarthur na asali ba sa nan, da yawansu suna gidan Camden Park inda zuriyarsa ke zaune har yanzu, sai aka ƙera kwatankwacinsu aka zuba, aka kuma ƙi sa igiya ko gilashin da zai raba baƙo da ɗaki, saboda haka yaro na iya zama a kujera, ya buɗe aljihun tebur, ya karanta kwafin wasiƙa, ya fita lambu ya ga tsohon itacen zaitun da ake danganta dasa shi ga zamanin Macarthur. Wannan gaskiya ce ta fuska biyu, domin ba a yaudari kowa da cewa kujerar ta asali ce ba, ba a kuma mai da gidan wani abin tsoro da ake leƙe daga nesa ba.

Inda nake da ja shi ne wajen zaɓen zamani. An tsara lambun da ɗakunan ne don su nuna shekarun 1820 da 1830, lokacin da iyalin ke kan ganiyarsu, kuma duk wanda ya zaɓi shekara guda ya tsayar da gida a kanta, to ya zaɓi wanda za a ji muryarsa ke nan. A shekarar 1979 ɗin nan da hukuma ta karɓi gidan, masana adana gine-gine na Ostireliya suka taru a wani tsohon garin haƙar ma'adinai mai suna Burra suka amince da wata ƙa'ida da ta shahara daga baya, wadda ruhinta shi ne a taɓa wuri gwargwadon larura kawai, a kuma mutunta abin da kowane zamani ya bari a jikinsa, kada a kankare na baya don a fito da na farko. In aka bi wannan ƙa'ida da gaske, to zaman 'yan matan Swann yana da haƙƙi a ɗakunan nan daidai da na Elizabeth, ɗakin barori yana da haƙƙi daidai da ɗakin baƙi, dubban shekarun Burramattagal kuma, waɗanda suka riga harsashin, sun fi ƙarfin a ambace su da jumla guda a bakin ƙofa a wuce. A 'yan shekarun nan an fara gyara wannan, ana ambaton masu ƙasar, ana gayyatar zuriyarsu, kuma alheri ne. Amma abin da nake ganin adalci ke nema shi ne zuriyar Darug su kasance cikin masu yanke shawarar abin da za a faɗa a gidan da yadda za a faɗe shi, da muryarsu da kujerarsu, domin wanda ake gayyata ana iya daina gayyatarsa ranar da shugabanci ya sauya.

Kada kuma a ɗauka cewa tun da akwai doka an gama. A cikin wannan gari na Parramatta, a shekarar 2021, aka kwance wani tsohon gida mai suna Willow Grove, wanda ya yi shekaru yana asibitin haihuwa, mutanen garin da yawa a cikinsa aka haifi iyayensu, duk da koke-koken mazauna da ƙin da ƙungiyar ma'aikatan gini ta yi na sa hannu a rushe shi. Abin da ya fi ciwo kuma, an kawar da shi ne don a samu filin gina sabon gidan tarihi, aka kwantar wa jama'a da hankali da alkawarin za a sake harhaɗa shi a wani wuri. Ni ban ɗauki irin wannan alkawari a bakin komai ba ko da an cika shi, domin ginin da aka warware aka ɗauke aka sake jerawa a wani fili ya rabu da rabin abin da yake shaida a kai, tun da ba ya iya nuna inda rana ke faɗo masa, da hanyar da ake bi a zo gare shi, da dalilin da ya sa aka gina shi a nan ba a can ba. Elizabeth Farm an gina shi ne a kan ɗan tudu mai gangarawa zuwa kogi, saboda kogin ne hanyar Sidni, shi ne kuma abincin waɗanda aka kora, kuma yanzu da Parramatta ta zama birni na biyu a yankin Sidni, benaye na ta tashi a cikinta kowace shekara, haɗarin da ke fuskantar gidan ya tashi daga ruɓewar itace ya koma kan takardun izinin gini. Saboda haka duk wani bene da za a nemi a gina a kewayen titin Alice, inda gidan yake, ya kamata majalisar gari da hukumar jiha su auna tsawonsa da inuwarsa tun kafin a sa hannu, su kuma ƙi shi in zai toshe abin da ya rage na sararin da ke tsakanin barandar da ɓangaren kogi.